Ranar da kalar kwalbata ta riƙa bin zafi

Yau Laraba kusan awa uku muka yi a lab kuma gaskiya ban so aka tashi ba. Malam ya ba mu ruwan kobalt kulorayid da aka ɗiɗɗiga wa asid HCl har kalarsa ta tsaya tsaka-tsaki, wani shunayya haka. Muka raba shi kwalaben gwaji uku, ɗaya muka tsoma a ruwan zafi, ɗaya cikin ƙanƙara, ta ukun muka bar ta kan tebur don kwatance. Ko minti biyu ba a yi ba ta ruwan zafin ta rine ta koma shuɗi, ta ƙanƙarar kuma ta zama ruwan hoda, alhali ba abin da muka ƙara ba abin da muka rage. Na sauya musu wuri, su ma suka sauya kala, sai da na yi haka sau uku don idona ya ƙoshi.

Ashe kobalt ɗin tsakanin hali biyu yake kai-komo. In ƙwayoyin ruwa 6 suka kewaye shi ruwan hoda ne, in kulorayid 4 suka kama shi shuɗi ne, kuma zuwa shuɗin zafi yake sha, shi ya sa da ka ɗumama shi sai ya karkata can. Dokar Le Chatelier kenan, Bafaranshen nan da ya faɗe ta a 1884, wadda ta ce in ka taɓa abin da ke cikin daidaito sai ya karkata inda zai rage tasirin taɓawar, na daɗe da haddace ta amma yau na gan ta da idona. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne in ka ƙara sinadari lambar K, wato lambar da ke nuna rabon halayen biyu in sun daidaita, tana nan yadda take, amma zafi ita kanta K ɗin yake canzawa.

Daga nan malam ya kawo zancen ruwa zalla, ya ce pH 7 da muka riƙe (pH ma'aunin asid ne, yana sauka in asid ya ƙaru) a digiri 25 ne kawai, a digiri 100 yana sauka wajen 6.1. Wadda ke kusa da ni ta ce "to malam tafasasshen ruwa asid ne kenan?" Ya ce a'a, rabuwar ruwa zuwa H+ (mai kawo asid) da OH- (kishiyarsa) ita ma zafi take sha, don haka duka biyun ne ke ƙaruwa kuma yawansu ɗaya, babu wanda ya rinjayi wani.

Da daddare na buɗe littafin rahotona, awon pH huɗu na makon jiya ko ɗaya ban rubuta zafin ruwan ba. Gobe da safe zan roƙi malam ya bar ni in sake su da tamomita a hannu.