Singafo zuwa New York: me ya sa lissafin awoyi ba ya fita daidai?

Tsakanin filin jirgin Changi na Singafo da filin JFK na New York akwai tazarar kilomita kusan 15,350, in an bi hanya mafi gajarta a kan doron ƙasa. Jirgin Airbus A350 na cin kusan kilomita 900 a awa. Raba ka gani: awa 17. Amma tikitin Singapore Airlines zai nuna maka awa 18 da ɗoriya. Ina sauran suka shiga?

Kaɗan daga ciki na ƙasa ne. Lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne tun daga barin jirgi inda fasinjoji suka shiga, har ya tsaya a ɗaya gefen. Jiran layin tashi, hawa sama da saukowa duk suna ciki.

Babban abin dai iska ce. Wajen kilomita 10 daga ƙasa akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, a hunturu gudunta kan wuce kilomita 200 a awa. In ta bi bayan jirgi, ta tura shi. In ya fuskance ta, ta cinye masa mai da lokaci. Shi ya sa ba a damu da gajeriyar hanya ba. Daga Singafo, jirgin kan bi ta kusa da Japan, ya ratsa arewacin Tekun Fasifik, ya shiga Kanada. A dawowa kuma sau da yawa ba ya juyowa ta inda ya zo, sai ya ci gaba da yin gabas, ta Atlantika da Turai. Hanyar ta fi tsawo, amma iska na bayansa. Wannan dabara tana burge ni matuƙa, don zuwa da dawowar kan zama zagaye duniya guda.

Nauyi ma na da nasa. Samfurin A350 da ake kira ULR, wanda aka ƙera don tafiya mai nisa sosai, na ɗaukar mai har lita 165,000, kuma kujeru 161 kacal aka sa masa. Yana tashi da nauyin da ba zai bar shi ya haye can sama nan take ba, sai ya riƙa hawa mataki-mataki yayin da man ke raguwa.

Inda matafiya suka fi ruɗewa shi ne agogo. Singafo na gaban New York da awa 12 a lokacin zafi, 13 a hunturu. A ce a lokacin zafi ka tashi daga Singafo ƙarfe 12 na rana, tafiyar ta ci awa 18 da rabi, za ka sauka 6:30 na yammacin ranar nan. A dawowa, wanda ya tashi 10:30 na daren Litinin sai 5 na asubahin Laraba zai sauka. Don haka kafin ka kama ɗakin otal ko ka sayi tikitin jirgi na gaba, duba ranar sauka da kyau, ba awa kaɗai ba.