Inda Lu'ulu'u Ke Sauka a Cikin Yuranus da Neftun

Idan aka ce ana ruwan lu'ulu'u a duniyoyin Yuranus da Neftun, hankalin mutum yakan tafi ga hadari da gizagizai, duwatsu masu ƙyalli na zubowa kamar ƙanƙara. Ba a sama abin yake faruwa ba. Can ƙasa ne, dubban kilomita daga saman gajimare, cikin wani ruwa mai kauri da tsananin zafi wanda ya ƙunshi ruwa da amoniya da mitan.

Mitan, wata iskar gas, shi ne asalin maganar. Kowane ɗigonsa ƙwayar kabon ɗaya ce riƙe da ƙwayoyin haidrojin huɗu, kuma shi ne ke shanye jan haske ya bar duniyoyin nan biyu da launin shuɗi. Yayin da aka nitsa ciki, zafi yana tsinka haɗin kabon da haidrojin, matsi kuma yana danne ƙwayoyin kabon da suka rabu har su jeru su zama lu'ulu'u. Nauyin lu'ulu'u ya kai giram 3.5 a kowane santimita na kubik, ya fi abin da ke kewaye da shi nauyi, don haka sai ya yi ta nutsewa zuwa tsakiya. Wannan nutsewar ce ake kira ruwan lu'ulu'u. Marvin Ross na ɗakin binciken Lawrence Livermore a Amurka ne ya kawo tunanin a 1981, tun kafin kumbon Voyager 2 ya gitta Yuranus a 1986 da Neftun a 1989.

Hujjar duka daga ɗakin gwaji take, kuma nan ne ya kamata a natsu. A 2017 tawagar Dominik Kraus ta yi aiki a cibiyar SLAC ta Kalifoniya. Ba mitan suka ɗauka ba, siririn fallen roba ne mai suna folistirin, domin shi ma kabon da haidrojin ne, kuma ya fi iska sauƙin riƙewa. Suka harba masa leza, wato haske mai tsananin ƙarfi, ta tayar da girgiza biyu a jere: ta farko mai rauni da jinkiri, ta biyu mai ƙarfi da ke cim mata. Dalilin raba bugun gida biyu shi ne bugu ɗaya mai ƙarfi yana zafafa robar fiye da kima kafin matsin ya kai inda ake so. Inda girgizar biyu suka haɗu, matsi ya kai kusan ninki miliyan 1.5 na matsin iskar da muke shaƙa, zafi kuma wajen digiri 4,700 a ma'aunin Salshiyas. Duk abin bai wuce 'yan kaso na biliyan ɗaya na daƙiƙa ba, sai aka haska shi da walƙiyar eksire wadda ta nuna jerin ƙwayoyin lu'ulu'u, 'yan mitsi-mitsi masu faɗin nanomita kaɗan, wato 'yan kaso na biliyan ɗaya na mita.

Gwajin yana da rauni a fili. A folistirin kabon ɗaya haidrojin ɗaya ne, alhali a mitan ɗaya ga huɗu ne, kuma babu oksijin a folistirin ko kaɗan, duk da cewa cikin duniyoyin cike yake da ruwa. Shi ya sa a 2022 aka sake gwajin da robar PET, irin ta gorar ruwan sha. Oksijin ɗin da ke cikinta ya taimaka wa kabon rabuwa da haidrojin, lu'ulu'u ya fi saurin fitowa.

Sauran matsalar lokaci ce. A 2024 Mungo Frost da abokan aikinsa suka matse folistirin tsakanin bakin lu'ulu'u biyu a cibiyar European XFEL kusa da Hambog, suka riƙe zafin na tsawon lokaci fiye da na bugun leza. Lu'ulu'u ya fito a matsin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gwajin farko ba, a zafin da ya ɗan haura digiri 2,200. Ma'ana ruwan lu'ulu'un zai iya farawa daga wuri mafi kusa da sama, ya ratsa sashen da ke ɗauke da lantarki, inda maganaɗisun duniyar ke samuwa, yana dama shi. Wannan ya shafi wata tsohuwar tambaya: maganaɗisun Yuranus ya karkace da digiri 59 daga sandar juyawarsa, na Neftun da 47. Nutsewar kuma tana sakin zafi, ga shi Neftun na fitar da zafin da ya ninka wanda yake samu daga rana sau 2.6.

Batun ruwan lu'ulu'u a duniyoyin Satan da Jufita ya fi rauni a ganina. A 2013 Mona Delitsky da Kevin Baines suka ce tsawa na ƙona mitan ya zama kunkunniya, ta sauka ta zama baƙin fensir, sannan lu'ulu'u. Amma mitan ɗin can bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma wasu masana sun nuna cewa kabon ɗin zai narke cikin haidrojin tun yana hanya.

A 2022 masana kimiyyar duniyoyi na Amurka suka sa aika kumbo zuwa Yuranus a gaban manyan sababbin ayyukan da suke so NASA ta yi. Na'urar da za a jefa cikin iskarsa za ta mutu tun a sama-sama. Awon nauyi da maganaɗisu daga kumbon da ke kewaya shi ne zai faɗi yadda cikin ya jeru.