Yini Guda a Jidda Kafin a Hau Jirgin Dawowa

Mutanen Katsina da Daura da yawa suna bi ta Jidda kowace shekara, wasu domin aikin Hajji, wasu domin Umara, amma idan aka tambayi wanda ya dawo abin da ya gani a wannan birni, amsar ba ta cika wuce filin jirgi da wurin awon kaya ba, sai kuma wataƙila shagunan Balad, tsohon birnin, inda ya cike tsarabar da ta rage. Ba na ganin laifin kowa a kan haka, domin ibada ce ta kai mutum, kuma bayan ɗawafin ban-kwana zuciya takan riga jiki komawa gida. Duk da haka ina ganin wanda Allah ya hore wa zuwa Umara, kuma tsarin tafiyarsa yana hannunsa, ya kamata ya ware wa Jidda yini guda cikakke. Alhazai kuwa, tun da jigilarsu tana hannun hukuma, sai su nemi izinin jami'an da ke kula da su kafin su yi nisa da masauki.

Dalilin da ya sa Jidda ta zama abin da ta zama shi ne tashar jiragen ruwanta. A zamanin Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, a shekara ta 26 bayan Hijira, aka mayar da ita mashigar Makka ta ɓangaren teku a madadin tsohuwar tashar Shu'aiba, kuma tun daga lokacin mahajjatan da suka biyo ta Bahar Maliya a nan suke sauka. Kakanninmu da suka tafi a ƙasa, suka ratsa Borno da Chadi da Sudan, wasunsu suna tsayawa noma ko ƙwadago a hanya har na shekaru kafin su tara kuɗin jirgin ruwa, daga tashar Sawakin da ke gaɓar Sudan suke tsallakowa su sauka a wannan gaɓa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya yi aikin Hajji a 1921, shi ma ta teku ya tafi. Wanda ya san wannan tarihi, idan ya tsaya a bakin ruwan Jidda, ba zai ɗauki wurin a matsayin tashar jiran jirgi kawai ba.

Daga Makka zuwa Jidda tafiyar kusan kilomita 80 ce a mota, kuma tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini, wanda yake kawo mutum cikin abin da bai kai awa guda ba. Abin da ya fi muhimmanci baƙo ya sani shi ne yanayin garin. Zafin da muka saba da shi a Katsina busasshe ne, wanda inuwa da ruwan sanyi suke rage shi, amma na Jidda yana tafe da danshin teku, ta yadda riga takan jiƙe da gumi ko da mutum yana zaune. Saboda haka tsakar rana lokacin hutu ne, mutanen garin ma ba su cika fitowa ba sai bayan La'asar, kuma kasuwanni sun fi cika bayan Isha'i.

Wurin da ya fi cancantar lokacin baƙo shi ne Balad, tsohon birnin, wanda hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2014. Mutanenmu sun san Balad sosai, amma ƙasan gine-ginen suka sani, inda ake cinikin turare da jallabiya da darduma da agogo. Abin kallon yana sama. Idan mutum ya bar babban titi ya shiga lungunan da ke kewaye da kasuwar Alawi, ya ɗaga kai, zai ga gidaje masu hawa huɗu da biyar waɗanda aka gina da dutsen murjani da aka sassaƙo daga gaɓar teku, aka riƙa shimfiɗa katako a tsakanin jerin duwatsun domin ya ɗaure bangon ya raba nauyinsa. A fuskar kowane gida akwai tagogin katako da suka turo waje, waɗanda ake kira rawashin, an sassaƙa su da ƙananan ramuka, wasu an shafe su da kore, wasu da shuɗi, wasu an bar su da launin itacen. Aikinsu shi ne su shigo da iskar teku su tare rana, kuma su bai wa matan gida damar ganin titi ba tare da an gan su ba. Yankin ba shi da dazuzzuka, don haka jiragen ruwa ne suka riƙa kawo katakon daga Indiya da tsibiran kudu maso gabashin Asiya, kuma yawan rawashin a fuskar gida yana nuna ƙarfin arzikin ɗan kasuwar da ya gina shi. Yawancin manyan gidajen sun tashi ne a ƙarni na 19, musamman bayan buɗe mashigin ruwan Suwez a 1869, lokacin da jirage masu tururi suka ƙara yawa a Bahar Maliya.

A cikin waɗannan gidaje wanda ya fi suna shi ne gidan Nasif, da aka gina tsakanin 1872 da 1881, inda Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa ƙasar Saudiyya, ya sauka lokacin da ya shiga Jidda a ƙarshen 1925. Abin da ya fi jan hankalina a gidan shi ne matakalarsa, mai faɗi da gajerun tsani, wadda ake cewa an yi ta haka ne domin raƙumi ya iya hawa da kaya har benen sama. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiyar bedi, irin wadda ta cika titunanmu har ba ma ɗaga kai mu dube ta, amma a can saboda ƙarancin itatuwa a tsohon birnin, da ita aka riƙa kwatanta gidan. Ba nisa da nan akwai masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafi tsufa a garin, mai buɗaɗɗen tsakar gida da ginshiƙan katako, kuma wuri ne mai kyau na yin sallar Magariba.

Jidda ta taɓa zama birni mai ganuwa. An gina ta a farkon ƙarni na 16 saboda barazanar jiragen yaƙin Fotugal, waɗanda suka zo har bakin tashar a 1517 suka koma ba su ci garin ba, sannan aka rushe ta a 1947 domin birnin ya sami filin faɗaɗa. Yau sunayen ƙofofin ne suka fi rayuwa, irin su Bab Makka da Bab Sharif da Bab Jadid, wasu an sake gina su domin tunawa. Bakatsine ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, tun da ya san abin da ya rage na ganuwarmu tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi. Bambancin da na lura da shi shi ne su can sun farga da darajar gidajen da ke cikin birnin, suna ta gyara su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa baƙo zai tarar da wasu lungunan a rufe da shingen magina. Kusa da tsohon birnin kuma akwai maƙabartar da ake danganta wa Nana Hauwa'u, amma labari ne na baka wanda malamai ba su tabbatar ba, kuma ba abin da mutum zai gani sai katanga.

Wanda ya san Jidda tun da daɗewa zai iske ta sauya. Daga ƙarshen 2021 hukumomi suka rushe tsofaffin unguwanni da dama a kudancin birnin, ciki har da Sabil da Karantina, inda 'yan Afirka ta Yamma, har da Hausawa, suka daɗe da zama. Wanda zai nemi wani ɗan'uwa da tsohon kwatance, gara ya kira shi a waya tukuna.

Ita tashar jiragen ruwan ba a barin baƙi su shiga, sai dai a hango manyan ƙugiyoyin ɗaga kwantena daga nesa, amma babbar kasuwar kifi da ke kusa da ita a buɗe take ga kowa, kuma da sassafe ta fi armashi. Mutum yakan zaɓi kifinsa a kan tebur, a auna masa, ya kai wa masu gyara su feɗe su wanke, sannan ya miƙa wa masu suya a gefe, ya ci da shinkafar da ake kira sayadiyya, wadda ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi ja. Wanda bai san kifi ba sai tarwada da karfasa zai ga nau'o'in da bai taɓa zaton akwai su ba, ga kuma jatan lande da ƙaguwa jibge a kan ƙanƙara.

Yamma kuma ta bakin teku ce. Titin gaɓar yana da tsawo ƙwarai, don haka sai da mota, kuma wurare biyu sun isa. A can arewa akwai masallacin Rahma, wanda aka kafa a kan ginshiƙai cikin ruwa, idan teku ta cika sai a ga kamar yana shawagi. A wajen unguwar Hamra kuwa ake kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985, tana harba ruwan teku sama fiye da mita 250, kuma ta fi kyau da dare idan an haska ta da fitilu. Iyalai sukan zo da darduma da shayi su zauna a kan ciyawa har dare ya yi nisa, ba a karɓar ko sisi. Daga nan zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz ba nisa sosai, amma cunkoson motoci yakan tsananta a daren Alhamis da na Juma'a, don haka wanda jirginsa zai tashi cikin dare ya bar bakin ruwan da wuri, domin layin awon kaya da na ruwan Zamzam suna cin lokaci.