Ayar da ta kwanar da motar aya

Shekara ta huɗu kenan ina rubuta faktir, wato takardar da ke nuna kaya da kuɗinsu, ma wani Alhaji da ke fidda aya da riɗi daga nan Maradi, kuma wallahi abin da ya fi koya mini aikin nan ba lakkol ba ne, ɗigo ɗaya ne tak, wato ayar rubutu.

Mu da munka yi karatu da Faransanci in za mu rubuta kilo dubu talatin sai mu sa 30.000, to ashe mutanen Najeriya da Turancin Ingila aya wurinsu ba dubu take rabawa ba, su 30,000 suke rubutawa da waƙafi, in sun ga 30.000 talatin kawai suke karantawa. Buhu 600 na aya, kowane kilo 50, mota ta bi ta Ɗan Isa za ta Dawanau a Kano, nan gefenmu ba wanda ya ce uffan, ana ƙetarawa Jibiya sai ga waya wai faktir ta ce kilo talatin takardar lodi ta ce buhu 600, wanne za a yarda da shi? Kwana biyu mota na tsaye, direba na kirana kamar na ci mishi bashi. Alhaji bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "yaro, aya ta riƙe aya", ni kam da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun ran nan ba aya ba waƙafi, fili nake bari, 30 000 kg, sannan in sake rubutawa da kalmomi a ƙasa.

Daga nan na gane ma'aikacin duwan, wato kwastan, ba kayanka yake fara dubawa ba, takardunka yake jerawa ya ga ko bakinsu ɗaya. Faktir, takardar lodi, takardar asalin kaya, da ta lafiyar tsirrai da masu aikin gona ke bayarwa, sunan mai saye ɗaya, yawan buhu ɗaya, nauyi ɗaya. Nauyin ma biyu ne, na kaya zalla da na haɗe da buhu, in ka sa wannan a gurbin wancan ka jawo ma kanka. Kuma abin da ka rubuta shi tiranziter, mai yi maka takardun fidda kaya, zai shigar cikin SYDONIA, tsarin kwamfuta na duwan, in ya shiga gyara ba wasa ba ne. Lambar da duwan ke ba kowane irin kaya ita ma haka, riɗi 1207.40, wake 0713.35, kar ka ce ai duk hatsi ne.

Sai maganar kuɗi. Mu nan jika (sefa dubu) muke faɗi, a takarda kuwa dole ka fayyace sefa ce ko naira ko yuro. Yuro ba ta da wahala tunda ɗaya sefa 655,957 ce ba ta motsi (ka ga waƙafin nan ma na Faransa ne, wato sefa 655 da ɗoriya), naira kuwa da safe daban da marece daban, shi ya sa nake roƙon Alhaji a yi ciniki da sefa. In riɗi ne zai bi jirgin ruwa, rubuta FOB kaɗai, wato farashin kaya har a ɗora su cikin jirgi, bai isa ba sai ka sa sunan tashar, Lome ce ko wata, don kuɗin mota daga Maradi har can wuyan mai sayarwa yake.

Yanzu kafin in buga tambari sai na ba yaron sito ya karanta mini da ƙarfi, a Katsina ya yi makaranta, idonshi na Turanci ne.