Ƙwayar Maganin Tumaki da Na Daka wa Tantabaruna

Ranar Asabar da ta wuce na shiga gidan ƙanwata bayan la'asar, na tarar da ɗanta, saurayi ɗan shekara 17, a tsugune bakin ɗakin tantabarunsa, ya ɗora wata doguwar ƙwayar magani a kan murfin gwangwani yana murƙushe ta da bayan cokali, ga kuma kaskon ruwan tsuntsayen a gefensa. Tun kafin in karanta rubutun da ke jikin takardar na gane ƙwayar, domin irin wadda ake ɗura wa tumaki da awaki ce don kashe tsutsar ciki, wadda ake kira albendazole. Da na tambaye shi wanda ya ba shi wannan dabara, sai ya ce, “Kawu, wani ne na gani a waya, ya ce da ita yake wanke cikin nasa.” Na karɓe cokalin, na kife garin a kwata, na kuma yi masa tsawar da ta fi ƙarfin laifinsa, domin abin da ya tsaya mini a rai a lokacin tantabaruna ne da na kashe da hannuna da irin wannan ƙwaya.

Ban wuce shekarunsa sosai ba lokacin da kiwon ya kama ni. Da guda biyu na fara, a cikin tukwanen da na rataye a bayan zaure, har suka haura talatin, na gina musu ɗaki na langa-langa a lungun gida inda ruwan sama yake kwanciya. A wata damina sai na lura suna cin gero kamar ba za su ƙoshi ba, amma idan na kama ɗaya na shafa ƙirjinta, ƙashin ya fito tsini kamar bakin wuƙa. Gashinsu ya dushe, kashinsu ya koma kore mai ruwa da yauƙi, 'ya'yan da ake ƙyanƙyashewa kuma ba sa kaiwa ga tashi. Na ce sanyin damina ne, wani abokina ya ce kambun baka ne, na jiƙa musu kanwa, na sa barkono a ruwa, na kawo ɓawon maɗaci, na fasa jan kafso na zuba musu. Duk wannan ban taɓa tunanin tsutsa ba, har ranar da wata farar tantabara da nake ji da ita ta kasa tashi, na yanka ta kafin ta zama mushe, na tsaga hanjin, na same shi cunkushe da fararen tsutsotsi kamar an ɗura masa taliya, wasu sun kai tsawon ɗan yatsa.

Washegari na tafi kara, wurin masu sayar da maganin dabbobi a faranti, na yi wa wani dattijo bayani, ya miƙo mini ƙwayar, ya ce tsutsa dai tsutsa ce, ta rago da ta tsuntsu duk abu ɗaya ke kashe su. Na dawo na daka ta, na zuba a kasko, na hana su wani ruwan, na maimaita kwana uku a jere don in tabbatar na gama da cutar. Ban tsaya na yi lissafin cewa rago yana kai kilo 30 ko 40, tantabara kuwa da ƙyar take kai rabin kilo ba. Ban kuma lura cewa garin ba ya narkewa, kwanciya yake yi a gindin kasko, wadda ta sha daga ƙarshe ita ke kwashe mafi yawansa. Iyayen da ke ciyar da 'ya'ya, waɗanda suka fi kowa shan ruwa, su ne suka fara zubewa. Cikin mako guda na binne fiye da rabin ɗakin, waɗanda suka tsira kuma, da yake lokacin sake gashi ne, sabon gashin fiffikensu ya fito a lanƙwashe, ya yi ta karyewa, wasu ba su ƙara tashi sama yadda suka saba ba har wata shekarar.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ba laifina ba ne, kuma har yau akwai gefen zuciyata da yake riƙe da wannan magana. A wancan zamani wa zai ɗauki tantabara ya kai wa likitan dabbobi ba a yi masa dariya ba? Likita na shanu ne da dawaki, tsuntsu kuwa idan ya yi ciwo wuƙa ce maganinsa. Wanda ya sayar mini da ƙwayar ya haife ni, ba a kuma koya mana musu da babba ba. Niyyata ceto ce, kuɗin ma na abincin makarantata ne na tara. Amma idan na kwanta da dare gaskiyar takan dawo mini, cewa akwai ofishin kula da dabbobi a garinmu, na san hanyarsa, kunya da ƙyashin kuɗin mota ne suka hana ni zuwa. Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, wato tun kwana na biyu na ga suna ƙin ruwan, suna tsayawa a takure, amma na ce alamar magani yana aiki ce, na ƙara musu na uku. Wannan na ukun ba dattijon kara ne ya zuba shi ba.

Sai bayan shekaru, a wurin wani likitan dabbobi da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na fahimci abin da na aikata. Ya ce mini albendazole da ɗan'uwansa fenbendazole, waɗanda suke aiki lafiya a jikin tumaki, an san su da cutar da tantabara da kurciya musamman, suna taɓa ɓargon da ke samar da jini, suna lalata hanji, suna ɓata gashin da ke tsirowa. Ya ce ko da maganin da ya dace ne, tsuntsun da cikinsa ya cika maƙil yana iya mutuwa idan tsutsotsin suka mutu a lokaci guda suka toshe hanji, don haka irin wannan ana lallaɓa shi ne. Daga gare shi na ji cewa tsutsar ba iri ɗaya ba ce. Akwai macijin cikin da na gani da idona, wanda likitoci ke kira Ascaridia. Akwai wata siririya kamar silin gashi, Capillaria, da ido ba ya cika ganinta, ita ce ke kutsawa cikin fatar hanji ta ramar da tsuntsu fiye da babbar. Akwai kuma tsila mai gaɓa-gaɓa, wadda tsuntsu yake ɗauka idan ya haɗiyi tururuwa ko buzuzu ko katantanwa mai ɗauke da ita. Piperazine da ake sayarwa don kaji macijin ciki kawai yake kashewa, ba ruwansa da sauran biyun. Levamisole yana kama siririyar, amma yana sa tantabara amai, kuma tazarar da ke tsakanin maganinsa da dafinsa ƙanƙanuwa ce. Tsila kuwa praziquantel ne nata.

Abin da ya fi kunyata ni a bayaninsa shi ne asalin cutar, domin a daɓen ɗakina take. Ƙwan macijin ciki yana fita a cikin kashi, idan ya sami laima da ɗumi cikin kamar mako biyu ya nuna, kuma ɓawonsa mai kauri ne, yana iya yin watanni a ƙasa yana jiran mai tsinta. Ni kuwa tara kashin nake yi da gangan don in sayar wa masu lambu taki, a kan wannan kashin kuma nake watsa musu gero safe da yamma. Duk tantabarar da na sayo a kasuwa, ranar nake jefa ta cikin 'yan'uwanta.

Na zauna da niyyar rubuta wa matasa masu wannan kiwo shawarwari goma, amma da na tace su sai na ga kaɗan ne suke da nauyi. Kada ka ba tsuntsu maganin wata dabba, ko wane ne ya ce maka ya gwada ya ga daidai. Ka kwashi sabon kashi a leda ka kai wa likitan dabbobi ya duba a madubinsa, domin ramewa da koren zawo ba tsutsa kaɗai ke kawo su ba, akwai ciwon da ke tara abu rawaya a maƙogwaro, akwai mai murɗe wuya, kuma babu ɗayansu da maganin tsutsa zai taɓa. Ku 'yan yanzu kuna da abin da ba mu samu ba, ga asibitocin dabbobi a manyan garuruwa, ga lambar likita a cikin wayar da ke hannunku, amma kun gwammace ku ji maganar wanda ba ku san ko tantabarunsa suna raye ba bayan ya kashe kyamara. Yaro zai sayi tantabarar ado da kuɗin da ya kai na akuya, ya yi ta ɗaukarta hoto, amma kuɗin gwajin kashi ya gagare shi. Wannan abu yana ƙona mini rai.

Na ce kada ka ba da magani sai an gwada, amma idan kana ƙauyen da babu likita, ka kuma ga tsutsa ƙuru-ƙuru a cikin kashi, zama jiran gwaji ma kisa ne. Nemi maganin tsutsar da aka rubuta sunan tsuntsaye a jikinsa, ka bi awon da ke takardar ba tare da ƙari ba, ka maimaita bayan mako biyu zuwa uku saboda ƙananan da ba su mutu a karon farko ba. Na san wannan ya saɓa wa abin da na faɗa a sama, kuma ban janye ko ɗaya ba. Haka ma maganar manya, na ce bin dattijo ido rufe ne ya jefa ni, amma tsofaffin masu kiwon nan da suke share ɗaki kullum da asuba suna barbaɗa toka sun fi ku sanin tantabara nesa ba kusa ba, da za ku ajiye waya ku tsaya kusa da su.

Sauran duk aikin tsintsiya ne, wanda shi ne kuka fi ƙi. A kankare daɓe kullum, a bar shi ya bushe, a riƙa kwara masa tafasasshen ruwa lokaci-lokaci a bar rana ta shiga, domin maganin wanke ƙasa da aka saba da shi ba ya cika fasa ƙwan. Abinci a mazubi, ruwa a inda ba za su yi kashi a ciki ba. Sabuwar tantabara ta yi mako uku ko huɗu ita kaɗai kafin ta shiga cikin jama'a.

Kafin in bar gidan na sa yaron ya kama mini uku daga cikin nasa, na ɗora yatsansa a kan ƙashin ƙirjinsu don ya ji abin da nake nufi, biyu sun rame, ɗaya da sauranta. Na ce ya shimfiɗa takarda a ƙarƙashin inda suke kwana daren Lahadi don tara kashinsu, ranar Litinin da safe zan zo in kai shi asibitin dabbobi da kaina, ni zan biya. Ya ce, “To, Kawu,” ya ɗauki tsintsiya, amma na ga sauran ƙwayoyi biyu a aljihun rigarsa, sai da na koma na karɓe su.