Hali ne, ko halin da ake ciki? Yadda na gwada auna sha'awa da takarda

Da malaminmu na darasin awon ɗabi'a ya ce kowa ya zaɓi ma'auni ɗaya, wato takardar tambayoyi ta auna ɗabi'a, ya mayar da shi Hausa ya gwada a kan mutane, abokan karatuna suka yi rububin na damuwa da na fargaba. Ni na ɗauki na sha'awa, wato sha'awar da ke tsakanin namiji da mace. Na yi shekaru ina aikin ba da shawara a sashen mata na wani asibiti, na kuma ga aure da yawa yana tangal-tangal a kan maganar da bakin kowa ya kasa furtawa. Wata ta ce mijinta ya cika buƙata, wani ya ce matarsa ba ta damu da shi ba. Na so in san ko wannan abu halin mutum ne, kamar saurin fushi ko haƙuri, da yake tare da shi duk inda ya je.

Ma'aunin da na ɗauka shi ne Sexual Desire Inventory, wanda Spector da Carey da Steinberg suka fitar a 1996. Tambayoyi 14 ne. Wasu suna tambayar sau nawa mutum ya ji yana son saduwa a cikin watan da ya wuce, mafi yawansu kuma suna tambayar ƙarfin sha'awar, daga 0 zuwa 8. Masu shi sun raba sha'awa gida biyu: wadda ake ji game da wani, da wadda mutum ke ji shi kaɗai.

Na fassara, na ba wani abokin karatu da bai taɓa ganin na asali ba ya mayar da fassarar Turanci, muka gwama. Nan na fara cin karo da kalmar sha'awa kanta. A bakinmu ana sha'awar atamfa, ana sha'awar ɗan wake, yaro mai ladabi yana ba ka sha'awa. Idan na bar kalmar ita kaɗai, tambayar ta yi sako-sako. Idan na fito da maganar ƙarara, ta zama batsa, ba mai mutunci da zai ci gaba da karantawa. Sai da na zauna da wata tsohuwar ungozoma, na karanta mata layi-layi. Ta ce, "'Yar nan, ba haka ake faɗa ba. Ki ce son kusantar iyali, ki ce shimfiɗa. Kowa zai gane, ba wanda zai sunkuyar da kai." Rabin kalmomin da suka tsaya a takardar daga bakinta suka fito.

Kuskurena na farko shi ne zama gaba da gaba. Na ɗauka tunda mace ce da mace, magana za ta yi sauƙi. Sai na ga amsoshi suna taruwa a ƙasa, 0 da 1 da 2, ana ba ni su ido na kallon tabarma. Ashe abin da na fi aunawa shi ne kunya. Na koma ba da takarda a ambulan, ba suna, a cike a keɓe, a jefa a kwali. Maza kuwa wani abokin aikina ne ya raba musu. Su kuma, ya ce, matsalarsu ta juye: wasu na ganin zaɓen ƙaramar lamba tamkar zubar da girma ne.

Lambobin ma sun ba da wahala. Mene ne bambancin 5 da 6 a zuciyar mutum? Na zana kofuna tara a jere, na farko wayam, na ƙarshe cike fal, na ce a nuna wanda ya dace. Wannan ya taimaka sosai, musamman ga waɗanda karatunsu na allo ne.

Akwai tambayar da ke cewa, idan ka fara ganin wanda ya burge ka, yaya ƙarfin sha'awarka. Wata mata ta rubuta a gefe, "Allah Ya tsare." Na daɗe ina kallon rubutun. A wurinta ba tambayar yadda take ji aka yi ba, tambayar tarbiyyarta aka yi. Daga baya na ga cewa a 2017 wata mai bincike, Moyano, da abokan aikinta sun nuna tambayoyin da suka shafi wanda ya burge mutum suna ware kansu daban da na abokin zama, har ma'aunin ya zama gida uku. A wurinmu tazarar ta fi haka faɗi, don addini da kunya suna tsaye a tsakani.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne daga wata ƙaramar jimla: "a cikin watan da ya wuce". Wata baiwar Allah ta dawo mini da takardar ba ta cike ba. Jaririnta na goye, bai yi arba'in ba. Ta ce, "Malama, watan da ya wuce jego nake. Me zan rubuta?" Wata mai abokiyar zama ta tambaya ko ranakun girkinta kaɗai za ta lissafa. Wani mutum ya ce wa abokin aikina watan ya faɗa cikin azumi. Wata kuma mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba.

Masana sun daɗe da raba abin da ke dawwama a mutum da abin da ke zuwa ya wuce. Tun 1970 wani masanin ɗabi'a, Spielberger, ya yi wa fargaba ma'auni mai wannan rabo. Hausa kuwa kalma ɗaya ta ba su duka biyun. Muna cewa hali zanen dutse, muna kuma cewa halin da ake ciki. Ni na fita neman na farko, takardata tana ta kwaso mini na biyu.

Wannan ya kai ni ga aikin Bancroft da Janssen na Cibiyar Kinsey a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A ganinsu kowa yana da abu biyu a jikinsa, mai ingizawa da mai taka birki, kuma mutane sun bambanta a ƙarfin kowanne. Ma'auninsu na 2002 mai tambayoyi 45 ba ya cewa sau nawa, yana cewa idan kaza ya faru, yaya kake zama. Birkin ma iri biyu ne: tsoron gazawa, da tsoron abin da zai biyo baya, kamar ciki ko cuta ko a ji motsinka. Na tuna matan da ke kwana ɗaki ɗaya da yara uku, ƙofa labule ce kawai. Lambarsu ta yi ƙasa, amma ban yarda sha'awar ce babu ba. Rosemary Basson ma ta rubuta a 2000 cewa mata da yawa sha'awa ba ta fara zuwa musu haka kawai, sai an fara kusanci da tausasawa take tashi. Tambayar "sau nawa kika ji kina so" ba ta ganin irin waɗannan matan sam.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo. Wata ƙawata ta cike, ta matsa in faɗa mata sakamakonta, na faɗa. Bayan kwana biyu ta kira ni murya na rawa, tana tambayar ko ta fara neman kayan mata, alhali ita da mijinta lafiya lau suke zaune. Ma'aunin na bincike ne, ba na gano cuta ba. Ko littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bugun 2013, ba ya kiran ƙarancin sha'awa matsala sai ya kai kimanin wata 6 kuma yana damun mai shi ƙwarai. Sai da na je gidanta na zauna na warware mata wannan. Tun daga ranar ban ƙara faɗa wa kowa lambarsa ba.

A zagaye na biyu na ƙara shafi a gaba: jego, shayarwa, rashin lafiya, magani, azumi, tafiyar miji, yawan masu kwana a ɗaki. Na kuma roƙi mutane su sake cikewa bayan wasu watanni, da wata alama da su kaɗai suka sani a maimakon suna, don abin da ya tsaya bai motsa ba shi kaɗai zan iya kira hali. Mai jegon nan ta dawo lokacin yaron ya fara zama. Ta karɓi ambulan, ta shiga ɗakin gefe, ta ɗan jima, ta fito ta jefa a kwali, ta ce, "Yau kam na san abin da zan rubuta."