Ka kunna GPIO a kernel amma babu gpiochip0?

Mutum zai gama gina kernel na Linux, ya tayar da bod, ya leƙa /dev, ya tarar babu gpiochip0, fayil ɗin da ake bi a sarrafa GPIO, wato ƙafafun bod da shiri ke iya kunnawa, kashewa ko karantawa. Nan take sai ya fara zargin bod ɗin, alhali yawanci abu ɗaya ya kunna a cikin uku: ginshiƙin GPIO, direban guntu, da device tree.

Ka buɗe make menuconfig, ka shiga Device Drivers, sannan GPIO Support. Wannan shi ne CONFIG_GPIOLIB, kuma ginshiƙi ne kawai, bai san ko ƙafa ɗaya ta guntun da ke bod ɗinka ba. A ƙarƙashinsa ka tabbatar CONFIG_GPIO_CDEV na kunne, domin ta nan ne shirye-shirye ke magana da ƙafafun.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne direban guntun kansa, don ba kullum yake zaune a menu na GPIO ba. Na Raspberry Pi 3 da 4 sunansa CONFIG_PINCTRL_BCM2835, yana ƙarƙashin Pin controllers. Haka ma MCP23017, mai ƙara ƙafafu 16 ta I2C, direbansa CONFIG_PINCTRL_MCP23S08 ne. Maimakon yawo cikin menu, danna / ka rubuta sunan, zai nuna maka inda yake da abin da ya dogara a kai. Kar ka cusa layin da hannu cikin .config: idan abin da ya dogara a kai a kashe yake, make olddefconfig zai share shi ba ko sallama. In kuma ka zaɓi m (a gina direban daban a matsayin module) a madadin y (a gina shi cikin kernel), kar ka manta da make modules_install.

Na uku device tree ne a bod ɗin ARM, wato fayil ɗin da ke bayyana wa kernel kayan da ke bod ɗin. Kullin guntun na buƙatar gpio-controller da #gpio-cells = <2>, sannan kada status ɗinsa ya zama "disabled".

Game da /sys/class/gpio kuwa, tsohuwar hanyar sarrafa ƙafafun, a ganina sabon aiki bai kamata ya taɓa shi ba. Tun kernel 4.8 na 2016 aka ayyana shi a matsayin tsohon yayi, kuma a sababbin kernel lambobin ƙafafun kan fara daga 512, shi ya sa echo 17 > export ke dawo da "Invalid argument". Yi amfani da libgpiod: gpiodetect ya lissafa guntaye, gpioinfo ya nuna wanda ke riƙe da kowace ƙafa. Idan gpioset, umarnin kunna ko kashe ƙafa, ya ce "Device or resource busy", wani direba ko shiri ne ya riga ka kama ƙafar.

Wajen gwaji, ƙafafun Pi na aiki da bolt 3.3 ne, bolt 5 na iya ƙona su. Haɗa LED da resisto mai ohm 330 tsakanin GPIO17, wato ƙafa ta 11, da GND. Idan umarnin gpioset na kunna GPIO17 ya wuce lafiya amma fitilar ba ta kama ba, fara juya ƙafafun LED ɗin kafin ka sake gina kernel.